Farin ƙurji a dasashi: me ke kawo shi, kuma yaushe za a tafi gidan likita?

 Yau za mu yi bayani a kan wani ƙaramin abu da mutane da yawa ke rainawa: farin ƙurji ko ƙullutu da ke fitowa a dasashi, ya daɗe bai tafi ba. Dasashi shi ne naman da ya riƙe haƙora. A wasu wurare ana ce masa dasori.

Dasashi mai lafiya yana da ƙarfi. Launinsa ja-ja ne ko baƙi-baƙi, gwargwadon jikin mutum. Ba ya jini in an goge baki, ba ya wari. Idan wani farin abu ya fito a kansa, akwai dalili, don ruwa ba ya tsami banza. Wani dalilin ba shi da haɗari. Wani yana sa a rasa haƙori. Wani kuwa yana iya kai mutum kabari.

Ga abin da muke so kowa ya riƙe tun daga farko: duk ƙurji, gyambo ko tabon da ya kwana 14 a baki bai warke ba, a kai shi gidan likita, ko yana ciwo ko ba ya ciwo. Ga ƙaramin yaro kuwa, ba a jiran kwana 14.

Abu huɗu da za mu duba

Mu wanke hannu da sabulu. Mu fita waje inda akwai haske, mu ɗauki madubi, ko mu sa wani ya duba mana. Sai mu yi wa kanmu tambaya huɗu:

1. Abin yana da laushi, ko yana da tauri kamar ƙashi?
2. Yana kusa da haƙori mai kogo, ko wanda ya karye?
3. In an goge shi da tsumma mai tsabta yana fita, ko yana nan?
4. Kwana nawa ke nan da fitowarsa?

Tambaya ta huɗu ita ce babba. Mu rubuta ranar da muka fara ganin abin. In ba mu rubuta ba, mu riƙe ranar kasuwa. Idan kasuwa ta ci sau biyu abin yana nan, lokacin tafiya ya yi.

Na ɗaya: marurun haƙori

Wannan shi ne dalilin da aka fi gani. Wani ɗan ƙurji ne mai laushi, fari ko rawaya-rawaya, a gindin haƙori. Wani lokaci yakan fashe, mugunya ta fito, mutum ya ji ɗanɗano mara daɗi a baki. Sai ya lafa. Bayan ƴan kwanaki ko makonni ya sake cikowa a wuri ɗaya.

Ga yadda abin ke faruwa. A bakin kowa akwai ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani. Abincinsu sukari ne: na shayi, na alawa, na lemun kwalba, da ragowar abinci da ke maƙalewa tsakanin haƙora. In sun ci sukari sai su fitar da wani tsami mai cin haƙori. A hankali kogo ya samu. Mutane sukan ce tsutsa ce, amma babu tsutsa a cikin haƙori. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ta wannan kogo ƙwayoyin cuta ke shiga har cikin jijiyar haƙori. Lokacin nan ne mutum ke kwana bai runtsa ba.

Daga baya jijiyar ta mutu, ciwon ya tsaya. Mutum ya ce ya warke. Alhali mugunya tana taruwa a ƙarshen saiwar haƙori, cikin ƙashin muƙamuƙi. Da ta yi yawa sai ta huda wa kanta hanya, ta ɓullo a dasashi. Wannan ƙurjin da muke gani bakin hanyar ne kawai. Tushen ciwon yana can ƙasa.

Kowane manomi ya san cewa in an sare ciyawa daga sama aka bar saiwarta, da ruwa ya sauka za ta sake tohowa. Haka marurun haƙori yake. Matse shi ba ya kashe shi. Ƙwayar magani tana kwantar da shi na ɗan lokaci, amma ba ta raba mutum da shi. Maganinsa na gaskiya yana hannun likitan haƙori: ko ya wanke cikin saiwar ya cike ta, ko ya cire haƙorin in ya lalace ƙwarai.

Wasu suna tsoron cewa cire haƙorin sama yana makantar da ido. Wannan ba gaskiya ba ne. Abin da ke iya taɓa ido shi ne mugunyar da aka bari ta bazu a fuska. Mace mai ciki ma ana iya yi mata aikin haƙori. Ta dai faɗa wa likita cewa tana da ciki kafin a ba ta magani.

Akwai kuma mugunyar da ke taruwa tsakanin haƙori da dasashi, ko da haƙorin ba shi da kogo. Dattin da ya daskare a gindin haƙora, ya yi tauri kamar dutse, shi ke kawo ta. Dasashi yana jini, haƙori yana girgiɗi, baki yana wari. An fi ganin haka ga manya, da masu shan taba, da masu ciwon sukari.

Na biyu: gyambon baki mai wucewa

Wani ɗan gyambo ne zagayayye, tsakiyarsa fari, gefensa ja. Yana da zafi ƙwarai, musamman in an ci barkono, gishiri ko tsami. Yakan fito a cikin leɓe, a kumatu, a harshe ko a gindin dasashi. Ba a ɗaukarsa daga wani. Yakan zo lokacin gajiya, ko bayan rashin lafiya, ko in jini ya yi ƙaranci. Yana warkewa da kansa cikin kwana 7 zuwa 14.

Rauni ma yana barin farin tabo: ƙayar kifi, tsinken sakace, asuwaki mai tauri, ko shayi mai zafi. Haka kuma ƙwayar asfirin da wasu ke ɗorawa a gindin haƙori mai ciwo. Tana ƙone naman, ya yi fari fat. Duk waɗannan suna warkewa in an daina abin da ya kawo su. In sun wuce mako biyu, to wani abu ne daban.

Na uku: farin da ke gogewa

Wani lokaci za a ga fari-fari a dasashi, a harshe da cikin kumatu, kamar guntayen kindirmo. In an goge da tsumma yana fita, ya bar wurin ja, har da ɗan jini. Wata ƙwayar cuta ce dangin funfuna ke kawo shi. An fi ganinsa ga jarirai. Jaririn yakan ƙi kama nono saboda zafi, uwar ma kan nononta yakan yi ciwo. A gidan likita akwai maganinsa, kamar nistatin, kuma a kan duba uwa da ɗa tare.

Idan babba ne ya samu wannan, musamman in yana tafiya yana dawowa, alama ce jiki ya yi rauni. Yana iya zama saboda yawan shan ƙwayoyin kashe cuta barkatai, ko ciwon sukari, ko sida. Babu abin kunya a nan. A yi awon jini a san gaskiya, domin ciwon sukari da sida duka suna da maganin da ke riƙe mutum ya ci gaba da aikinsa.

Na huɗu: ƙullutu mai tauri

Wasu mutane suna da ƙarin ƙashi a muƙamuƙi, sau da yawa ta wajen harshe, ko a tsakiyar ganda. Naman da ya rufe shi siriri ne, shi ya sa yake yin fari. Yana da tauri kamar dutse, ba ya ciwo, yana girma a hankali cikin shekaru. Sau da yawa yana dama da hagu daidai wa daida. Wannan halitta ce, ba cuta ba.

Akwai kuma ƙullutun nama mai santsi, wanda ke fitowa inda karyayyen haƙori ko haƙorin roba ke gugar dasashi kullum. Ba ya tafiya da kansa, amma cire shi ƙaramin aiki ne a asibiti. Bayan an cire haƙori kuma, wani ɗan tsinin ƙashi yakan ɓullo a wurin. Ga samari da ƴan mata masu shekara 17 zuwa 25, haƙorin ƙarshe na can ƙurya yakan turo dasashi, a ga fari kafin ya fito.

Ko da yake waɗannan ba su da haɗari, ido kaɗai ba ya rabe su da masu haɗari. A bari ma'aikacin lafiya ya duba sau ɗaya, hankali ya kwanta.

Na biyar: fararen ƙwayoyi a bakin jariri

Jarirai da yawa ana haihuwarsu da ƴan fararen ƙwayoyi a dasashi ko a ganda, ƙanana kamar ƙwayar gero. Ba haƙora ba ne, ba cuta ba ce. Ba su hana shan nono. Suna ɓacewa da kansu cikin ƴan makonni ko ƴan watanni.

Wajen wata 6 haƙorin farko ke fitowa. Dasashi yakan ɗan kumbura, a ga fari a ƙarƙashi, yaro yana dalala yana cizon duk abin da ya samu. Haƙoran nono 20 ne, suna gama fitowa kafin shekara 3.

Muna roƙon iyaye da kakanni: kada a kai jariri a tsaga masa dasashi da aska, kada a ƙwaƙule masa da allura ko farce. Jariri ba shi da jini mai yawa da zai zubar. Aska tana iya sa masa cutar sanƙarar jiki da ake kira tetanus, ko ciwon hanta. Kuma zawo da zazzaɓi mai zafi ba aikin haƙori ba ne. Yaron da ke zawo ko zazzaɓi a kai shi gidan likita, kada a zauna ana cewa haƙori ne.

Na shida: farin tabon taba

Wannan ya shafi manya. Wani farin tabo ne mai kauri, ko ƙullutu mai kaushi, wanda ba ya gogewa kuma ba ya ciwo. Sau da yawa yana fitowa daidai inda mutum ya saba ajiye taba da kanwa, tsakanin leɓe da dasashi. Masu shan sigari da masu shan giya su ma suna samunsa.

Ba kowane irin wannan tabo ke zama mugun ciwo ba, amma wani yana rikiɗa ya zama ciwon daji, wato kansa. Haɗarin ciwon daji na baki shi ne, da farko ba ya zafi. Mutum yana cin tuwonsa, yana zuwa gonarsa, ciwon yana cin gaba. Ga alamun da ke nuna a gaggauta:

- tabon ya haɗa fari da ja;
- ya zama gyambo mai taurin gefe, yana jini;
- haƙori mai lafiya ya fara girgiɗi babu dalili;
- leɓe ko haɓa ya mutu, ba a jin taɓawa;
- kaluluwa mai tauri ta fito a wuya, ba ta tafiya.

A asibiti akan yanki ɗan guntun naman a auna shi. Wannan awo kaɗai ke faɗin gaskiya. In an gano ciwon yana ƙarami, ana iya cire shi mutum ya warke. A shekarar 2021 aka fara gasa ciwon daji da na'ura a cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa da ke Yamai. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya bar taba yau ya rage wa kansa haɗari, komai shekarun da ya yi yana ci.

Na bakwai: cutar noma

Sunan ya yi kama da noman gona, amma babu abin da ya haɗa su. Noma cuta ce mai cin baki da fuska. Wasu suna kiranta ciwon iska, suna zaton aikin aljannu ne ko maita. Ba haka ba ne. Ƙwayoyin cutar da ke cikin baki ne ke samun ƙarfi a kan yaron da jikinsa ya raunana. Ba a ɗaukarta daga wani yaro.

Ta fi kama yara masu shekara 2 zuwa 6. Yaron da aka yaye babu abinci mai gina jiki, yaro mai tamowa, yaron da ya tashi daga dussa, wato ƙyanda, ko daga zazzaɓin cizon sauro, shi ne ya fi shiga haɗari. Don haka mu ƙara sa ido lokacin da rumbu ya yi ƙasa, tsakanin shuka da girbi.

Ga yadda take farawa. Dasashi ya kumbura, yana jini. Sai wani gyambo mai fari-fari ko toka-toka ya fito a gindin haƙora. Baki yana wari mai tsanani. Yaro yana zubar da yawu, ya ƙi abinci. Bayan haka kumatu ko leɓe ya kumbura. Cikin ƴan kwanaki sai wani baƙin tabo ya bayyana a waje, naman ya mutu, ya zube, ya bar rami a fuska.

Hukumar lafiya ta duniya ta ce in ba a yi magani ba, wajen yara 9 cikin 10 da suka kamu suna mutuwa. Amma in an kai yaro tun ciwon yana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta, da wanke baki, da abinci mai kyau suna tsayar da ita, fuska ta tsira. A watan Disamba na 2023 hukumar ta sa noma cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su. A ƙasarmu, ƙungiyar Sentinelles ta fara kula da yara masu noma a Damagaram tun 1992. A Sakkwato, makwabtanmu sun buɗe asibitin yara masu noma a 1999. Yaran da cutar ta riga ta ɓata wa fuska ana yi musu aikin gyara. Kada a ɓoye su a ɗaka.

Uwa ita ce likita ta farko. Ta buɗe bakin ɗanta ta duba kowace rana, musamman in ba shi da lafiya. Jini, gyambo da wari in sun haɗu a bakin yaro, a tafi gidan likita a ranar. In dare ne, da asuba a kama hanya.

Abin da ba za mu yi ba

- Kada mu huda ƙurji da ƙaya, allura ko aska.
- Kada mu sa ruwan batir, fetur, kanwa, garin taba ko asfirin a haƙori ko dasashi. Suna ƙone nama, ba su kai ga saiwa.
- Kada mu sayi ƙwayoyi wajen masu talla a kasuwa mu sha biyu mu bari. Rana ta gasa su, ba a san ƙarfinsu ba, kuma shan su barkatai yana sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani.
- Kada mu bari wanda ba likita ba ya cire mana haƙori. Saiwa takan karye ta zauna a ciki.
- Kada mu ce tunda ciwo ya tsaya an warke.

Abin da za mu yi kafin mu isa gidan likita

A tafasa ruwa, a bari ya huce ya zama ɗumi. A zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi ɗaya. A kurkure baki a zubar, sau 3 ko 4 a yini. Yaron da bai iya kurkura ba, a jiƙa tsumma mai tsabta a goge masa a hankali. Farasitamol yana rage zafi, a sha yadda ma'aikacin lafiya ya ce. Kanumfari ma yana kwantar da ciwon haƙori na ɗan lokaci. Duk waɗannan taimako ne na hanya, ba su maye gurbin likita.

Alamun da ba a kwana da su

Ko babba ko yaro, a tafi a ranar idan:

- fuska ta kumbura, ko kumburin ya kai ido;
- ƙarƙashin haɓa ko wuya ya kumbura ya yi tauri;
- baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiya ta yi wuya;
- numfashi ya yi wuya;
- zazzaɓi ya haɗu da kumburin.

Mugunyar haƙori in ta gangara wuya tana iya toshe numfashi, in ta shiga jini tana iya kisa. A fara da gidan likita mafi kusa. In aikin ya fi ƙarfinsu za su ba da takarda zuwa babban asibiti, a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, inda likitocin haƙori suke. Kuɗin mota yau ya fi sauƙi bisa sayar da akuya gobe.

Rigakafi ya fi magani

Babban mutum yana da haƙora 32, kuma wanda ya faɗi ba ya sake fitowa. Mu goge baki sau biyu a rana, da safe da kuma kafin barci, da asuwaki mai laushin baki ko buroshi da man goge baki. Kowa da nasa. Mu goge har gindin haƙora, ciki da waje. Mu rage sukari a shayi da koko, mu rage ba yara alawa. Mu fara goge wa yaro baki tun haƙorinsa na farko.

Jariri ya sha nonon uwa zalla har wata 6. Bayan haka a ƙara masa kunu mai gujiya ko wake, da ƙwai, madara, hanta, zogale da miyar kuka, ana ci gaba da ba shi nono har shekara 2. Abin da muke nomawa a garaken rani, tumatir, karas, kabewa, mangwaro da lemu, kada mu kai shi kasuwa duka. Mu bar na yara a gida. A yi wa yaro allurar dussa da ya cika wata 9, a koma ta biyu ranar da aka rubuta a katinsa. Ya kwana cikin gidan sauro. A ware wa dabbobi wurinsu, nesa da inda yara ke wasa da cin abinci.

A ƙarshe, ƴan uwa, mu riƙe lissafi biyu. Ga babba, kwana 14. Ga yaro mai jini da wari a baki, yini ɗaya. Wanda ya karanta wannan ya faɗa wa maƙwabcinsa, kuma yau da rana, kafin haske ya tafi, kowace uwa ta buɗe bakin ɗanta ta duba.

Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.